Yadda na rabu da ciwon kai na kullum

Kusan wata uku kullum da yamma sai kaina ya kama sarawa, ni kuma da ya fara sai in haɗiyi farasitamol. Ashe maganin ma yana cikin matsalar, likita ya ce min in mutum yana shan sa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana dawo da ciwon. Na daina, satin farko kam wallahi na ji jiki. Sai na ƙara shan ruwa, na bar tsallake karin kumallo, wayar nan kuma ina ajiye ta da wuri don in samu barcin awa 7. An duba min jini da ido, lafiya lau. Yanzu sai in yi sati biyu ban ji komai ba.