Darasi na Tara: Zuciya a Cikin Kwamfuta

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ta gefen babban yatsa. Kun ji bugun? Ku ƙirga na minti ɗaya. Babban mutum da ke zaune a huce yakan samu tsakanin 60 da 100.

Kowane bugu daga wata 'yar wutar lantarki yake tasowa. Naman zuciya cike yake da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana da ƙofofi a jikinta, inda sinadarai irin su sodiyam da kalsiyam da potasiyam ke shiga da fita. Ƙofar sodiyam ta buɗe, wuta ta tashi. Kalsiyam ya shiga, ƙwayar ta tsuke. Sai potasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take, ta jira bugu na gaba. Duk wannan bai wuce kimanin sulusin daƙiƙa ba.

Akwai wata ƙofar potasiyam da masana ke kira hERG. Magunguna da yawa, har waɗanda ba na zuciya ba, sukan toshe ta. Idan ta toshe, ƙwayar takan makara wajen komawa daidai, bugun ya rikice, mutum ya suma, wani ma ya rasa ransa. Saboda haka aka janye terfenadine, maganin atishawa da ƙaiƙayi, daga kasuwar Amurka a 1998, aka janye cisapride, maganin ƙwannafi, a 2000.

To ina kwamfuta ta shigo? A 1960, a Landan, wani ɗalibi mai suna Denis Noble ya rubuta buɗewa da rufewar ƙofofin nan da lissafi, ya ba kwamfuta, ta fitar da bugu irin na zuciya. A 2011 wasu masana, O'Hara da Rudy, suka fitar da lissafin da aka gina a kan ƙwayar zuciyar ɗan Adam. Yanzu mai bincike yakan auna yadda sabon magani ke toshe kowace ƙofa, ya shigar da alƙaluman, ya duba bugun da zai fito.

Ku lura da wannan sosai, don nan amfanin yake. Verapamil, maganin hawan jini, yana toshe hERG. Da wannan ƙofa kaɗai aka duba, da an ce guba ne. Amma yana rage shigar kalsiyam ma, sai ɗaya ya danne ɗaya, haɗarin ya ragu. Kwamfuta tana haɗa ƙofofin duka lokaci guda, ta ga abin da gwajin ƙofa ɗaya ba zai nuna ba. Don haka a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka da abokan aikinta suka fara wani shiri na auna haɗarin magunguna ga bugun zuciya, mai suna CiPA, wanda ya sa wannan lissafi cikin hanyoyin gwaji. Ni dai abin yana daɗaɗa mini rai: a gano haɗari tun magani bai kai bakin kowa ba.

Sai dai abin da aka ba kwamfuta shi take mayarwa. Idan awon farko ya karkace, amsar ma ta karkace. Shi ya sa har yanzu ake gwaji a kan ƙwayoyin halitta masu rai da kuma mutane.

Terfenadine ya fi yin ɓarna a jikin waɗanda suka haɗa shi da wasu magunguna, irin su erythromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ku riƙa gaya wa likita duk abin da kuke sha. In kun fara sabon magani kuka ji zuciya na dukan uku-uku, ko jiri, ko kuka suma, ku nufi asibiti nan take.

Aikin gida: ku rubuta sunayen magungunan da kuke sha a takarda ɗaya, da manyan baƙaƙe, ku ajiye ta inda za ku ɗauka ranar ganin likita.