Darasi na 9: Yara Uku a Bayan Mota Ɗaya

Akwai wani tela a layinmu a Tudun Wadan Zariya, yana da tsohuwar Corolla da yake lallaɓawa. 'Ya'yansa biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin kuma 2 da rabi, ga uwargida da tsohon ciki. Ƙanensa da ke aiki a waje ya taɓa aiko masa da kujerun yara na mota guda biyu, manya-manya, kowace kamar karagar mulki. Ran nan bayan la'asar na same shi ya buɗe ƙofofin baya, yana kallon ɗan wurin da ya rage a tsakaninsu.

Na ce, "Maigida, lafiya ka yi tsaye kamar mai lissafin bashi?"

Ya ce, "Malam, lissafin kuwa nake yi. In Allah ya sauke ta lafiya, ina zan sa na ukun?"

Sai uwargidan ta amsa daga zaure, "Baban yara, ni fa na faɗa maka a cinya zan riƙe abina. Mu ma haka aka riƙe mu."

Me ya hana a riƙe a cinya?

Gaskiyarta ne, haka aka riƙe mu. Amma a yi tunanin mota tana gudun kilomita 50 a awa ɗaya, irin gudun da ake yi daga PZ zuwa Kwangila idan hanya ta yi sarari. Idan ta daki wani abu ta tsaya nan take, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe jariri a wannan lokacin, komai son da take yi masa. Idan ita ma ba ta sa bel ba, jikinta ne zai danne shi. Idan kuma ta zagaya bel ɗaya da ita da shi, nauyinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Goyo ma bai tsira ba, don yaron yana tsakanin bayan uwa da kujera.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne cewa yaron da bai kai shekara 12 ba a baya zai zauna. Wani zai ce Allah ne mai tsarewa. Haka ne, kuma duk mun san hadisin da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Na san yawancinmu a aji a Keke ko motar haya muke zirga-zirga. Wannan darasi ya fi shafar mai mota a gida, ko direban da ke kai 'ya'yan maigidansa makaranta. Amma awo da karatun lamba da za mu yi a ciki na kowa ne.

A fara da awo

Na ce wa telan ya ɗauko tef ɗinsa. Wanda bai lura ba ya duba: tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Mu da santimita za mu yi aiki, domin ita aka fi rubutawa a jikin kaya.

A fitar da komai daga kujerar baya, a rufe ƙofofin biyu, sannan a auna daga ƙofa zuwa ƙofa. Rufe ƙofar ya zama dole, don majinginar hannu da ke jikin ƙofa tana cin wuri, kuma a nan ne motar ta fi matsewa. A auna sau biyu, ɗaya a daidai mazauni, ɗaya a daidai kafaɗa. A rubuta lambar da ta fi ƙanƙanta.

Telan ya samu 130. Muka auna kujerunsa, kowace faɗinta 48. Ga lissafin:

48 + 48 = 96
130 – 96 = 34

Saura santimita 34, alhali ko kujerar jariri sabon haihuwa tana kaiwa 43 ko 44. Ya kalle ni, na kalle shi. Ashe sayen kujera ta uku kaɗai ba zai raba gardama ba, sai an sauya manyan nan. Kujerun da ake kira sirara yawanci faɗinsu inci 17 ne, kusan santimita 43. Diono Radian, wadda ake yawan sayarwa a Amurka, tana cikin irinsu. A Turai kuma, kujerun ƙananan yara masu tambarin i-Size ba sa wuce santimita 44. Sai mu sake lissafi:

43 × 3 = 129

Sun shiga, da ragowar santimita ɗaya tak.

Sai dai takarda daban, mota daban. Kujerar yaro ba akwati ba ce mai gefe a miƙe. Wata ta fi faɗi a kafaɗa, wata a ƙasa, wata kuma an maƙala mata wurin ajiye kofi da ke cin santimita biyu ko uku a banza (a wasu ana iya cire shi). Mazaunin tsakiya a ƙananan motoci ya ɗan tashi kamar tozo, kuma ya fi na gefe ƙunci. Saboda haka akan samu kujeru uku da lissafi ya ce za su shiga su ƙi, wasu kuma da ya ce ba za su shiga ba su zauna daram. Dabarar da ta fi aiki ita ce a saɓa su: mai kallon baya (wadda yaro ke fuskantar bayan mota a cikinta) a gefe, mai kallon gaba a tsakiya, wata mai kallon baya a ɗaya gefen. Ta haka faɗin wannan yana faɗawa inda waccan ta tsuke, kamar yadda ake jera tukwane a buhu. Shi ya sa ba na son a sayi kujera ta hoto a waya. A je da motar, a je da sauran kujerun, a ce wa mai kaya, "Alhaji, bari mu gwada tukuna." In ya ƙi, a yi gaba.

Mai Sharan, irin waɗanda ke jigila tsakanin Zariya da Kaduna, ya huta da rabin wannan wahala, domin layin tsakiyarta kujeru uku ne kowace da kanta.

Karanta takardar da ke jikin kujera

Sirantaka kaɗai ba ta isa ba. Kujerar da ta shiga mota amma ba ta dace da yaron ba, asarar kuɗi ce. A juya ta, a nemi takardar da aka manna a ƙasa ko a baya.

Idan daga Turai ta zo, takardar ruwan goro ce, da harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa. Lambar tana nuna ƙasar da ta amince da kujerar: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Za a kuma ga R44 ko R129. R44 tsohon tsari ne, da nauyi yake aiki: har zuwa kilo 13 na jarirai, 9 zuwa 18 na masu tatata zuwa wajen shekara 4, sai 15 zuwa 36 na manya. R129 ya fara a 2013, shi da tsayi yake aiki, sai ka ga an rubuta misali 40–105 cm. Idan daga Amurka ta zo, za a ga lbs a maimakon kilo. 40 lbs kusan kilo 18 ne. To ka ga ashe yaron ma sai an auna shi. A jingina shi da bango a sa alama, nauyi kuma yana cikin katin asibiti, ko a hau sikeli.

Jariri baya yake kallo, ba gaba ba. Kansa babba ne a kan jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan mota ta tsaya kwatsam yana kallon baya, jikin kujerar ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Tsarin R129 ya wajabta haka har wata 15, kuma in kujerar ta ba da dama a zarce har shekara 2 ko fiye, ya fi. Iyaye kan damu cewa ƙafafun yaro sun tanƙwashe. Yaron da ke zaman tabarma yini guda, wannan ba ya damunsa.

Kada matsin wuri ya sa a kai kujera mai kallon baya gaban mota, inda akwai jakar iskar nan da makanikai ke kira iyabag. Idan ta fashe, bayan kujerar za ta daka, daidai kan jaririn.

Babban yaro da ya wuce kujera mai ɗamara, akan sa masa mazauni mai ɗaga shi sama don bel ɗin mota ya bi ta kafaɗa da cinyoyi, ba ta wuya da ciki ba. Yana buƙatarsa har tsayinsa ya kai aƙalla santimita 135. Irin wannan mazauni ba ya aiki da bel mai zagaye ƙugu kawai, wanda shi ne ke tsakiya a tsofaffin motoci da yawa. A duba wannan tun kafin a yanke wanda zai zauna a tsakiya. A kuma tabbata hannu yana iya shiga tsakanin kujeru ya maƙala bel ɗin, don abin da za a yi safe da yamma ne, kuma ranar da aka makara zuwa makaranta, abin da ke da wuya shi ake tsallakewa.

Ta gwanjo fa?

Mu faɗi gaskiya, yawancin kujerun da za a tarar a kasuwar Sabon Gari da shagunan kayan Beljiyam na hannu ne. Ba zan ce kada a saya ba, domin na san aljihu. Amma araha ba ta ado. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa a ciki ba a gani, don haka ta ɗan'uwa ko maƙwabci da ka san tarihinta ta fi ta baƙo. A ɗage rigar kujerar a duba robar da farin soson da ke ciki: tsaga, ko wurin da robar ta yi fari kamar an lanƙwasa ta, alama ce ta a bar ta. A ja igiyoyin a ga ko sun zare. A maƙala kan ɗamarar a ji ya ce ƙas, a ja da ƙarfi, a buɗe, a sake. A nemi ranar ƙira. Kujerun Amurka suna da wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10, kuma a rubuce yake a jiki. Wadda babu takarda ko ɗaya a jikinta, ko kyauta ce a bar wa mai ita.

Ɗaurawa

A cusa yatsu a tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina a kujerar baya. Idan an taɓa ƙarafa biyu masu kama da hannun jaka, tsakaninsu santimita 28, motar tana da abin da Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH. Motocin Amurka daga ƙarshen 2002 suna da shi. Yana sauƙaƙa ɗauri, amma yawanci a gefe biyu kawai yake, kuma yana kafe kujera wuri ɗaya. Mai neman cusa uku sau da yawa gara ya ɗaure da bel ɗin mota, in kujerar ta yarda da haka, domin yana ba shi damar matsar da ita wajen ƙofa kaɗan. Hoton da ke gefen kujera yana nuna inda bel zai bi.

Bayan an ɗaure, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, a girgiza. Kada ta motsa fiye da inci ɗaya. A gwada kowace ita kaɗai, a cire na kusa da ita, don kujeru uku da suka matse juna sukan yi kamar sun ɗauru alhali jingina kawai suka yi.

Sai yaron. A ja ɗamarar har ya zama in ka sa yatsa biyu ka tsunkuli igiyar a kafaɗarsa ba ka iya kama ta. Lokacin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, a lulluɓa masa zane daga sama. Lokacin bazara kuwa, wajen Maris da Afrilu, ƙarfen ɗamara yana ƙona fata idan mota ta sha rana. A riƙa yafa tawul a kai, a taɓa da hannu kafin a zaunar da yaro. Kuma ba a barin yaro a mota a rufe, ko da "yanzu zan dawo" ne.

Telan dai ya bai wa wani ɗan'uwansa mai Sienna manyan kujerun nan, ya cika kuɗi ya samo sirara biyu da ta jariri. Sai da muka sauya musu wuri sau uku kafin ƙofar hagu ta rufu ba tare da an danna ba. Uwargidan ta leƙa ta ce, "To ni kuma a ina?" Ya ce, "Gaba, Hajiya. Kin samu ƙarin girma."

Aikin gida

A samu mota, ta gida ko ta maƙwabci, a auna faɗin kujerar baya da ƙofofi a rufe, a rubuta a santimita. A raba lambar gida uku. Sannan a auna tsayin yara biyu na gida, a rubuta shekarun kowane a gefen tsayinsa. Wanda ya ci karo da kujerar yara a kasuwa ko a gidan wani, ya kwafo duk abin da ke jikin takardarta, harafi da lamba, mu karanta tare a zama na gaba.