Yadda Za Ka Ƙara wa Kwamfutarka RAM da Hannunka

Idan kwamfutarka ta fara nauyi, tana tsayawa cik da zarar ka buɗe shafuka biyar ko shida a Chrome alhali Word na buɗe a gefe, to sau da yawa ƙarancin RAM ne ke damun ta. RAM ita ce ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take kai a lokacin, kuma idan ta cika sai na'urar ta koma aron wuri a faifan ajiya, wanda bai kai ta sauri ba ko kusa. Windows 11 ta sanya gigabait 4 a matsayin mafi ƙaranci, amma duk wanda ya taɓa aiki da 4 ya san da ƙyar kwamfutar ke numfashi. 8 ne ke kawo sauƙi, 16 kuma ya wadatar da yawancin mutane.

Sanya RAM ɗin kansa aikin minti goma ne. Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen saye, don haka kada ka taɓa sukundireba sai ka san abin da kwamfutarka take karɓa. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka shiga Performance, sannan Memory. A nan za ka ga yawan RAM ɗin da kake da shi, da saurinsa, da kuma gurabe nawa aka cike cikin waɗanda ake da su. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta faɗa maka nau'in RAM ɗinka, ko DDR3 ne ko DDR4 ko DDR5. Daga nan sai ka duba lambar kwamfutar a bayanta, ka nemi bayanin kamfanin da ya ƙera ta domin sanin iyakar abin da za ta ɗauka. Wasu siraran kwamfutoci an liƙe musu RAM a jikin babban allon da ke cikinsu (motherboard) ne gaba ɗaya, kamar na Apple masu ɗauke da ƙwaƙwalwar M1 da suka fito tun 2020, kuma irin waɗannan babu yadda za a ƙara musu komai.

DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, domin tsagin da ke tsakiyar haƙoran kowane yana wani wuri daban. Na kwamfutar tafi-da-gidanka gajere ne, ana kiran sa SO-DIMM, yana da haƙora 204 idan DDR3 ne, 260 idan DDR4 ne, yayin da na kwamfutar tebur dogo ne. Akwai wani tarko da ya kamata masu kwamfutar gwanjo su kiyaye, irin HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwa. DDR3 iri biyu ne: na asali mai aiki da volt 1.5, da DDR3L mai aiki da volt 1.35. Kamarsu ɗaya, gurbinsu ɗaya, amma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ƙwaƙwalwar (processor) Intel ƙarni na huɗu DDR3L suke buƙata, kuma idan ka sa musu na asali ba lallai su tashi ba. Ka karanta ƴar takardar da ke manne a jikin RAM ɗin: idan ka ga PC3L to shi ne, idan PC3 ne kawai babu harafin L to ɗayan ne. A ganina abin da ya fi shi ne ka ɗauki kwamfutar ka tafi da ita kasuwa, ko Farm Centre ce a Kano ko wadda ta fi kusa da kai, a gwada a gabanka kafin ka biya. Idan gurbi biyu za ka cike, gara su zama girma ɗaya da sauri ɗaya. Idan saurinsu ya bambanta, kwamfutar za ta tafi da na ƙasan ne.

Idan ka zo aikin, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba ka rufe murfi kawai ba, ka zare caja, ka cire batir. Idan batirin a ciki yake, to da zarar ka buɗe bayanta ka fara zare wayarsa daga allon a hankali. Ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma domin ragowar wuta ta fita. Ka tara notukan da ka kwance a cikin ƙaramin faranti, ka kuma lura da wurin kowane, domin tsayinsu kan bambanta.

Ka kula da wutar da ke taruwa a jikin mutum, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa, lokacin da za ka taɓa ƙofar mota ka ji ta fizge ka. Wannan ƴar wutar ta isa ta lalata RAM. Kada ka yi aikin a kan darduma ko bargo, ka taɓa wani ƙarfe kafin ka fara, kuma ka riƙe RAM ɗin ta gefunansa, yatsanka kada ya kai kan haƙoran nan masu ruwan zinare.

Idan tsoho za ka cire a kwamfutar tafi-da-gidanka, ka ture ƴan ƙarafa biyun da ke riƙe da shi ta gefe, za ka ga ya ɗago da kansa a karkace, sai ka zare. Sabon kuma ka daidaita tsaginsa da ɗan tudun da ke cikin gurbin, ka cusa shi a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna shi ƙasa har ka ji ƙarafan sun yi ƙas. A kwamfutar tebur a tsaye ake danna shi, da ɗan ƙarfi a ɓangarori biyu. Idan ya ƙi shiga kada ka tilasta, domin ko dai ka juya shi ne, ko kuma ba nau'insa ba ne.

Ka mayar da wayar batir, ka rufe, ka kunna. Tashin farko kan ɗan jinkirta, musamman a DDR5, don haka ka ba ta minti ɗaya ko biyu. Idan fuskar ta tsaya baƙa ko na'urar ta riƙa ƙara, yawanci RAM ɗin ne bai zauna sosai ba, sai ka cire ka sake sawa. Idan ta tashi, ka koma Task Manager ka tabbatar da sabon adadin. Idan ka sa 8 amma ka ga tana aiki da ƙasa da 4, ka duba ko Windows ɗinka mai bit 32 ce, wadda ba ta wuce gigabait 4, sai an sauya ta da mai bit 64. Kafin ranar da mai shago ya ba ka ta dawo da kaya ta wuce, ka kunna Windows Memory Diagnostic ka bar ta ta gama gwajinta.