Yadda ake gano lahanin tururin nukiliya a jikin ƙarfe ta hanyar maganadisu

Tukunyar da ke riƙe da makamashi a tashar lantarki ta nukiliya takan shafe shekara arba'in ko fiye tana shan luguden niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fita daga tsakiyar zarra a matsayin tururin nukiliya, a zafin da ya kai kimanin digiri 290 a ma'aunin Selsiyos. Niyutiron mai gudu yana tumɓuke ƙwayoyin zarra daga mazauninsu, ɗan jan ƙarfen da ke gauraye a ciki kuma ya taru ya yi ƙulle-ƙulle na nanomita biyu zuwa uku (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), musamman a wuraren walda, har ƙarfen ya ƙara tauri ya kuma yi gautsi. Fargabar wannan gautsi na cikin dalilan rufe tashar Yankee Rowe ta Amurka a 1992.

Maganadisu ya shigo maganar ne saboda cikin ƙarfe a rarrabe yake zuwa ƙananan yankuna, kowanne da alƙiblar maganadisunsa, kuma idan aka kusanto da maganadisu iyakokin yankunan ne ke matsawa. Duk wani lahani yana riƙe iyakar kamar yadda ƙaya ke riƙe gefen riga, sai ta fizge ta wuce. Wannan fizga ce Heinrich Barkhausen ya fara ji a matsayin ƙara a 1919.

Kafin komai, a tanadi ɗan'uwan gwaji, wato guntun ƙarfe daga narki ɗaya da na tukunyar, wanda bai taɓa shan tururin ba. Idan babu shi, duk adadin da na'ura ta nuna ba shi da abin da za a kwatanta shi da shi, domin ƙarfen tukunya samfurin A533B daga masana'antu biyu yana iya bambanta fiye da bambancin da ake nema. Guntun da aka ciro daga tukunya kuwa shi kansa yana fitar da tururi, don haka ana sarrafa shi ne a ɗaki mai kaurin bango, da hannayen inji, ta bayan gilashi mai gubar dalma.

Daga nan a goge fuskar guntayen biyu iri ɗaya. Nan ne aiki ya fi lalacewa, domin ƙarar Barkhausen daga saman ƙarfe take fitowa, zurfinta bai kai milimita ɗaya ba, kuma tsatsa ko sawun zarto kaɗai ya isa ya rufe sakamakon. Sai a zare ragowar maganadisun da ke jikin guntun, a ɗora shi tsakanin ƙafafun maganadisun lantarki, a riƙa juya wutar a hankali, wani naɗin waya daban yana ɗaukar amsa. Abin da ake rubutawa shi ne ƙarfin da ake buƙata kafin maganadisun guntun ya koma sifiri, da kuma girman ƙarar. A cire guntun a sake ɗorawa sau da yawa, saboda ratar da ba ta kai kaurin gashi ba tana sauya adadin.

Wajen fassara sakamako ake buƙatar haƙuri. Iyakar yankunan ta kai faɗin gomman nanomita, ƙulle-ƙullen jan ƙarfen kuwa sun yi mata ƙanƙanta, shi ya sa sauyin kan zo kaɗan, wani lokaci ma adadin ya sauka maimakon ya hau, domin zafin tukunyar yana warware wasu tsofaffin lahani a lokaci guda. A ganina bai kamata a yanke hukunci da maganadisu kaɗai ba. A haɗa shi da gwajin Charpy, inda guduma mai lilo ke karya guntu a auna ƙarfin da ya sha.

Ƙarfe mara tsatsa samfurin 304 nasa ya fi sauƙin gani, tun da asalinsa maganadisu ba ya kama shi sosai, amma bayan dogon shan niyutiron sinadaran kuromiyam da nikel sukan sauya mazauni har ya fara amsawa.

Idan aka gasa tukunya don rage gautsinta, kamar yadda aka yi wa ta Loviisa 1 a ƙasar Finlan a 1996 da zafin digiri 475 na awa 100, awon da aka yi a baya ya daina aiki, sai an ɗauki sabo a matsayin mafari.