Yadda za ki gano aƙidarki a aikin jinya

Ƙanwata, idan kin fara aiki, ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye cikin aljihun farar rigarki. Ni haka na yi a nan Tahoua. Duk ranar da kika sauka daga aikin dare, kafin barci ya ɗauke ki, rubuta abu ɗaya da ya sosa miki rai da kuma dalilinsa. Bayan wata uku ki karanta, abin da ya yi ta maimaituwa shi ne abin da kika yi imani da shi.

Nawa ya fito ne a wata damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje. Wata Buzuwa ta kawo ɗanta yana suma, ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin Tamashek. Na sa masa ƙarin ruwa, amma hannunta da na riƙe har asuba shi ya kwantar mata da hankali. Washegari na rubuta: mutuncin marar lafiya da na mai jinyarsa amana ce a wuyana.

Ke ma ki rubuta aƙidarki a jimla ɗaya, sai ki gwada jimlar da ranar wahala. Tun 2006 aka yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma wani lokaci magani kan yanke, uwa ta huce a kanki. Idan ranar kin iya gaishe ta, kin rufe labule kafin ki duba yaron, to jimlar ta zauna. In ba haka ba, ki gyara ta da alƙalami a shafi na gaba.