Yadda Marubuci Zai Buga Littafinsa Ya Kai Shi Kasuwa a Kano

Marubucin da ya kammala labarinsa, bai kuma sami kamfanin buga littattafai irin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ta Zariya da zai ɗauki nauyin bugawa ba, yana iya bin hanyar da marubutan Kano suka share tun shekarun 1980, wato ya buga da kuɗin aljihunsa. Kafin komai, ya ba wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya tace masa aikin, domin masu buga rubutu a kwamfuta sukan zubar da lanƙwasar haruffa, sai "ƙafa" ta koma "kafa", ma'ana ta sauya. Bayan haka ya nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda doka ta wajabta masa ajiye kwafi 3 idan littafin ya fito.

A maɗaba'a, ya sa a daidaita shafukan yadda za su rabu 16-16, domin a haka ake jera su a kan takarda, kuma ko shafi ya tafi ba rubutu sai an biya kuɗinsa. Kuɗin faleti, wato farantin da ake ɗora rubutun a kai don bugawa, ɗaya ne ko kwafi 500 za a buga ko 2,000, shi ya sa mai maɗaba'a zai ba shi shawarar ya buga da yawa don kowane kwafi ya zo da sauƙi. Lissafin gaskiya ne, amma a ganina nan ne sabon marubuci ya fi faɗawa rami, ya wayi gari da katan-katan na littattafai a ƙarƙashin gado, gara tana ci.

Saboda haka, tun bai biya kafin alƙalami ba, ya shiga kasuwar Sabon Gari da samfurin bangon a hannu, ya ji kwafi nawa kowane dillali zai iya ɗauka. Yawancinsu ba sa biya nan take, sai kaya sun shige, don haka ya rubuta adadin da ya ba kowa da farashin sari da ranar da zai dawo karɓar kuɗi, su sa hannu su biyu. Idan labarin mai tsawo ne, ya raba shi na ɗaya da na biyu kamar yadda aka saba, ya tsaya a inda mai karatu zai ƙagu, sannan cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu.