Yadda ake tace foraminifera daga tsohuwar laka

Malamin kimiyya a ƙauyen Jigawa ba zai samu foraminifera a gonarsa ba, domin ƙananan halittun teku ne. Sai ya nemo laka daga yankin Kalambaina kusa da Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce.

Da farko a busar da lakar, a marmasa ta da hannu, kada a daka a turmi domin ɓawon foraminifera ba ya jure duka. A jiƙa ta kwana ɗaya cikin ruwan kanwa, sannan a wanke a hankali kan rariya mai ido maikiromita 63 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) har ruwan ya fito garau. Abin da ya rage a shanya shi.

Daga nan a baza shi kan baƙin faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa tsinto su da jiƙaƙƙen siririn buroshi. Nan ne aikin yake buƙatar haƙuri, kuma nan ɗalibai suka fi koyo. A ware su bisa ɓawo: na yashi da aka manne, fari kamar tangaran, da mai sheƙi kamar gilashi mai ƙananan huji. Waɗanda ɗakunan cikin ɓawonsu suke zagaye kamar ƙwallo galibi saman ruwa suka rayu, amma yawancin na Kalambaina mazauna ƙasan teku mara zurfi ne.